Me Ke Hana Jirgin Sama Ya Yi Ta Hawa Har Ya Shiga Sararin Samaniya?

"Assalamu alaikum. Na kalli wani bidiyo da aka ɗauka daga cikin jirgin leƙen asiri na U-2, inda sama ta yi baƙi ƙirin da rana tsaka, ga duniya kuma ta lanƙwashe a ƙasa. Tunda jirgi ya iya kaiwa nan, me zai hana a ƙara masa ƙarfin inji ya yi ta hawa har ya shiga sararin samaniya? Me ya sa jiragen da muke hawa ba sa zuwa can? Kuma idan mutum ya samu kansa a wannan wuri, me zai faru da jikinsa?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayoyinka uku ne, amma tushensu ɗaya: wane aiki iska ke yi wa jirgi da mutumin da ke cikinsa, kuma me ke faruwa idan ta fara ƙarewa. Ni injiniyan jiragen fasinja ne, kuma galibin aikina a kan na'urorin da ke daidaita matsin iska a cikin jirgi yake, saboda haka abin da zan faɗa a wannan ɓangare daga hannuna ya fito. Ban taɓa wuce tsayin da jirgin fasinja ke kaiwa ba, don haka bayanin U-2 da ire-irensa ya dogara ne ga lissafi da kuma abin da aka rubuta aka tabbatar.

Iska ba ta da bakin iyaka

Babu wani rufi a can sama wanda idan aka huda shi an fita. Iskar da ta lulluɓe duniya raguwa take yi ba tare da yankewa ba, kuma mafi yawanta a nan ƙasa ta taru. A tsayin kilomita biyar da rabi, rabin nauyin iskar duniya ya riga ya koma ƙarƙashinka. A kilomita 16, matsin iska kashi ɗaya ne cikin goma na wanda ake samu a bakin teku, a wajen kilomita 31 kuwa ɗaya ne cikin ɗari. Kason oksijin bai canza ba, yana nan kashi 21 cikin ɗari. Iskar ce baki ɗayanta ta yi shara-shara.

Tunda babu iyaka ta zahiri, sai mutane suka shata tasu. Hukumar FAI, mai ajiye tarihin bajintar jiragen sama ta duniya, ta ɗauki kilomita 100, layin da ake kira da sunan masanin nan ɗan asalin Hangari, Theodore von Kármán. Sojan saman Amurka da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasar, kuma suna ɗaukar wanda ya haura mil 50, wato kimanin kilomita 80, a matsayin ɗan sama jannati. Jirgin da ka gani yana shawagi ne a wajen kilomita 21, kusan kashi ɗaya cikin biyar na hanyar. Amma a nan ɗin ma kusan kashi 95 cikin ɗari na iska tana ƙasansa, kuma shi ya sa sama ta yi duhu, domin shuɗin da muke gani hasken rana ne da iska ke watsawa, idan iskar ta yi ƙaranci sai shuɗin ya dushe. Lanƙwasar duniya ana ganinta daga nan, sai dai gilashin kyamarar da ake ɗaukar irin waɗannan bidiyoyi da ita yakan ƙara mata gishiri.

Abin da fiffike ke nema

Fiffike yana ɗaga jirgi ne ta hanyar tunkuɗa iska ƙasa. Ƙarfin ɗagawar ya dogara ga kaurin iskar da kuma gudun jirgin, kuma idan aka ninka gudu sau biyu ƙarfin ɗagawa ninkuwa yake yi sau huɗu. Daga nan lissafin ya zo da sauƙi. A kilomita 12 kaurin iska kusan rubu'in na ƙasa ne, don haka jirgi na bukatar ninkin gudunsa biyu kafin fiffike ya ɗauke shi. A kilomita 21 kaurin ɗaya ne cikin 16, sai gudu ya ninka sau huɗu. A kilomita 30 kuwa sai ya ninka kusan sau takwas. Ka ɗauki jirgin da ba ya iya tsayuwa a iska idan gudunsa ya gaza kilomita 250 a sa'a a kusa da ƙasa: wannan mafi ƙarancin gudu zai zama 500, sannan 1,000, sannan 2,000.

Matsalar ita ce a wancan tsayi, inda sanyi ke kaiwa digiri 56 ƙasa da sifiri, sauti yana tafiya ne da gudun kusan kilomita 1,060 a sa'a. Jirgin da ba a ƙera shi don wuce saurin sauti ba, da zarar ya kusanci wannan gudu sai iskar da ke bi ta saman fiffikensa ta rikice, jirgin ya kama jijjiga, hancinsa ya nemi tsunduma ƙasa. Kenan yana hawa, mafi ƙarancin gudun da zai iya yi yana ƙaruwa, mafi yawan gudun da aka yarje masa kuma yana nan bai motsa ba, har su biyun su zo su haɗu. Inda suka haɗu nan ne ƙarshen hawan wannan fiffike, ko da an ɗaura masa inji goma.

Matuƙan U-2 na farko a bakin wannan mahaɗa suke yini. An fara tashi da jirgin a 1955, kuma a ƙololuwar tsayinsa tazarar da ke tsakanin gudun da zai sa ya faɗo da gudun da zai sa ya kama jijjiga wani lokaci ba ta wuce kilomita 20 a sa'a. Gaba kura, baya sayaki, kuma na tsawon sa'o'i. Idan matuƙi ya karkata da ƙarfi, bakin fiffiken da ke ciki na iya gaza gudu a daidai lokacin da na waje ya zarce, abin da ya sa na'urar tuƙi mai sarrafa kanta ce ke riƙe jirgin mafi yawan lokaci.

Shi ma injin jet da kake son a ƙara wa ƙarfi iska yake ci. Yana zuƙo ta, ya matse ta, ya gauraya ta da mai ya ƙona, ya fesar da ita ta baya. Idan abin da yake zuƙowa ya ragu zuwa rubu'i, ƙarfinsa ma ya yi ƙasa sosai, kuma idan aka ci gaba da hawa wutar cikinsa sai ta mutu. Haka su ma filafilan da matuƙi ke juya jirgi da su, a bayan fukafukai da wutsiya, sai da iska suke aiki.

Dalilin da jirgin fasinja ke tsayawa inda yake tsayawa

Jiragen fasinja suna tafiya tsakanin kilomita 10 zuwa 12, kuma mafi yawansu ba a ba su izinin wuce kilomita 12 zuwa 13 ba. Ƙananan jiragen alfarma wasunsu na kaiwa 15 da rabi. Wannan tsayi an zaɓe shi ne domin a nan iska ta yi ƙarancin da ba ta tare jirgi sosai, amma ta isa ta ciyar da inji, saboda haka a nan mai ya fi auki.

Akwai dalili na biyu, wanda shi ne sana'ata. Cikin jirgin ana cusa masa iska ne don mutane su ji kamar suna kan tudu mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Bambancin matsin ciki da na waje yana tura kowace murabba'in mita ta jikin jirgin da nauyin kusan tan shida, kuma duk tashi da sauka jikin yana kumbura yana saɓewa. Jiragen Comet na Ingila biyu da suka tarwatse a sama a 1954 su ne suka koya wa duniya cewa ƙarfe yana gajiya da wannan kumburi. Idan muna gwajin jirgi a ƙasa, mukan rufe ƙofofi mu cika shi da iska, mu bi bakin ƙofofi da tagogi muna shafa ruwan sabulu muna duban inda kumfa zai taso, muna kuma lura da yadda allurar ma'auni ke sauka. Duk ƙarin tsayi yana nufin jiki mai kauri da nauyi, nauyi kuma mai yake ci.

Sannan dokar ƙera jirage tana tambaya: idan taga ta fashe a ƙololuwar tsayi, shin jirgi zai iya saukowa zuwa wajen kilomita uku kafin mutane su illata? Daga kilomita 11 ana iya yi cikin 'yan mintoci, takunkumin oksijin da ke faɗowa daga saman kujera kuma ya isa ya riƙe mutum a tsawon wannan lokaci. Daga kilomita 18 takunkumin bai isa ba. Concorde, wanda ya yi jigilar fasinja daga 1976 zuwa 2003 a tsayin da ya kai kilomita 18 da ninkin saurin sauti biyu, an yi masa tagogi 'yan ƙanana ne saboda wannan, don ko ɗaya ta fashe iska ba za ta tsere da sauri ba.

Waɗanda suka wuce, da abin da suka biya

Wanda yake son ya wuce wannan tsayi dole ya sadaukar da wani abu. U-2 ya sadaukar da nauyi da ƙwari: fukafukansa na zamani sun kai faɗin mita 31 a kan jiki siriri, tayoyinsa biyu ne a jere ɗaya bayan ɗaya, kuma saukarsa na da wuyar da sai wani matuƙi ya bi shi a mota a guje yana faɗa masa ta rediyo ƙafa nawa ta rage ya taɓa ƙasa. Tsayin bai tsare shi har abada ba, domin ranar 1 ga Mayun 1960 makami mai linzami ya kakkaɓo wanda Francis Gary Powers ke tuƙawa a samaniyar Tarayyar Sobiyet. A wannan tafarki na rashin nauyi, jirgin NASA marar matuƙi mai aiki da hasken rana, Helios, ya kai kilomita 29 da rabi a 2001, jirgin Perlan 2 wanda ba shi da inji ko kaɗan kuma ya hau igiyoyin iskar da ke tasowa daga duwatsun Andes a Ajantina har kilomita 23 a 2018.

SR-71, wani jirgin leƙen asirin Amurka, da gudu ya biya. A watan Yulin 1976 ya kafa tarihin tafiya a miƙe a tsayin mita 25,929, kuma gudunsa ya haura ninkin saurin sauti uku. A irin wannan gudu, iskar da ta yi kaɗan ga fiffike ta isa ta gasa jirgi: wasu sassan jikinsa sukan haura digiri 300, shi ya sa aka ƙera mafi yawansa da ƙarfen titaniyom, aka bar sarari tsakanin sassansa don su samu wurin buɗewa, har yakan yi yoyon mai idan yana ajiye a ƙasa. A nan ne hanyar gudu ke toshewa, domin ƙarin tsayi na neman ƙarin gudu, ƙarin gudu kuma zafi yake haifarwa.

Sauran da suka wuce nan ba shawagi suka yi ba, jifa aka yi da su, kamar yadda ake cilla dutse sama ya tafi da ƙarfin da aka ba shi, ya tsaya, ya dawo. A 1977 matuƙin Sobiyet Alexandr Fedotov ya tara gudu a jirgin MiG-25 da aka yi wa gyara, ya ɗaga hanci ya cilla zuwa mita 37,650, kuma har yau babu jirgin jet da ya wuce shi. X-15 na Amurka ya fi nuna abin da tambayarka ke nema. Ana ɗaukarsa ne a ƙarƙashin fiffiken babban jirgin yaƙi na B-52 a sake shi a sama, ya kunna injin roka, wanda ke ɗauke da man sa da oksijin ɗinsa tare, na kimanin minti ɗaya da rabi. A watan Agustan 1963 Joe Walker ya kai kilomita 108 da shi. A can sama fukafukansa ba su da wani amfani, sai da aka saka masa ƙananan bututu masu fesa tururi a hanci da bakin fukafukai don a juya shi. Dawowa ta fi hawa haɗari, domin dole jirgin ya shigo iska mai kauri da hancinsa a daidai kusurwa. Neil Armstrong a 1962 ya shigo da hanci a ɗage, iskar ta mayar da shi sama har ya zarce filin saukarsa da nisa, Michael Adams kuwa a Nuwamban 1967 jirginsa ya shigo yana juyi, ya karye, ya rasa ransa. Wato da aka kai ga sararin samaniya da abu mai fiffike, sai da aka cire masa duk abin da ya sa ake kiransa jirgin sama.

Balan-balan hanyarsa daban ce, ba ya neman gudu sai dai ya fi iskar da ke kewaye da shi rashin nauyi. Auguste Piccard ya kai kusan kilomita 16 a 1931 cikin wani ƙwallon alminiyom rufaffe, Felix Baumgartner ya diro daga kusan kilomita 39 a 2012, Alan Eustace kuma daga 41 a 2014. Marasa ɗauke da mutum sun tsaya a wajen kilomita 53.

Jikin mutum

Ga jikin ɗan Adam, sararin samaniya ya fara tun kafin a je ko kusa da kilomita 100. Na taɓa shiga ɗakin horon da ake zuƙe wa iska don a kwaikwayi tsayin mita 7,600, aka ce mu cire takunkumi, aka ba kowa takarda ya yi ta rubuta sunansa yana ɗan lissafi. Abin tsoron shi ne babu abin da ke ciwo, ba ka jin an shaƙe ka. Yatsuna suka fara tsattsafa, gefen ganina ya dushe, amma raina fes. Wanda ke kusa da ni faratansa sun yi shuɗi, rubutunsa ya koma zane yana gangarowa gefen takarda, mai horarwa yana ce masa ya mayar da takunkumi, shi kuwa yana gyaɗa kai yana murmushi, hannunsa bai motsa ba, sai da aka ɗaura masa. Da ya farfaɗo ya yi ta musun cewa wani abu ya same shi, sai da aka nuna masa takardarsa.

A wannan tsayi mutum na da minti uku zuwa biyar yana cikin hayyacinsa. A kilomita 11 abin bai wuce minti ɗaya ba, a 12 daƙiƙa 15 zuwa 20 ne, sama da 15 kuwa kusan daƙiƙa goma. Dalilin da ya sa ake cewa ka fara ɗaura naka takunkumin kafin na yaronka kenan. A watan Agustan 2005 wani Boeing 737 da ya tashi daga Sayifurus ya hau ba tare da an cusa masa iska yadda ya kamata ba, matuƙan suka sume ba su gane abin da ke faruwa ba, jirgin ya yi ta zagaye har mai ya ƙare ya faɗi a Girka da mutum 121.

Sama da kilomita 12, ko zallan oksijin aka ba mutum bai isa ba sai an tura masa shi da ƙarfi. A wajen kilomita 15, tururin ruwa da gurɓatacciyar iskar da jiki ke fitarwa su kaɗai sun cika huhu, babu gurbin oksijin. A wajen kilomita 19, iyakar da ake kira da sunan likitan sojan saman Amurka Harry Armstrong, ruwa yana tafasa a digiri 37, wato zafin jikin mutum. Jinin da ke cikin jijiya ba ya tafasa nan take domin jijiyoyi da fata suna matse da shi, amma yawu da hawaye da damshin huhu suna yi, nama kuma yana kumbura. Joe Kittinger, da ya hau balan-balan zuwa kilomita 31 a 1960, safar hannunsa ta dama ta ƙi riƙe matsi, hannun ya kumbura ya ninka girmansa, amma ya koma daidai bayan ya sauko.

Shi ya sa matuƙin jirgin da ka gani yake sanye da riga da kwalkwali irin na 'yan sama jannati. Kafin ya tashi yakan yi kimanin sa'a guda yana shaƙar zallan oksijin don ya wanke iskar naitirojin daga jininsa, in ba haka ba idan matsi ya ragu sai ta zama kumfa a gaɓoɓi, wani lokaci har a ƙwaƙwalwa. Shekaru da yawa matsin da ke cikin ɗakin matuƙin U-2 daidai yake da na ƙololuwar dutsen Everest, sai daga baya aka ƙarfafa ɗakin aka inganta matsin saboda yawan matuƙan da wannan ciwo ke kamawa. Abincinsa ma a matse yake cikin bututu, ta wata 'yar kafa a kwalkwalin yake zuƙa.

Kaiwa daban, zama daban

Ko da jirgi ya taɓa kilomita 100, bai tsere wa duniya ba, domin ƙarfin da take jan abu da shi a can ya kai kusan kashi 97 cikin ɗari na wanda kake ji yanzu. Waɗanda suka biya kuɗi suka hau kumbon kamfanin Blue Origin ko jirgin kamfanin Virgin Galactic sun ji nauyinsu ya tafi na 'yan mintoci ne saboda faɗowa suke yi tare da abin da suke ciki. Don abu ya zauna a sama yana kewaya duniya sai ya yi gudun kusan kilomita 28,000 a sa'a ta gefe, ta yadda yana faɗowa doron duniya yana kauce masa. Makamashin da wannan gudu ke ci ya ninka na hawa kilomita 100 kusan sau talatin, kuma wannan ne ya sa roka mai zuwa falaki kusan dukkan nauyinta mai ne.

Abin da ya rage tsakani wuri ne da ba mai iya zama cikinsa. Daga inda balan-balan ya tsaya zuwa kusan kilomita 150, iska ta yi wa fiffike kaɗan, ta kuma yi wa tauraron ɗan adam yawa, domin za ta ja shi ya faɗo cikin ɗan lokaci. Ko tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, da ke wajen kilomita 400, sai ana tunkuɗa ta sama lokaci-lokaci. Masu bincike suna leƙa wannan yanki ne da ƙananan rokoki na 'yan mintoci. A ganina, inda za a ga ci gaba na kusa shi ne wajen kilomita 20, sama da gajimare da hanyoyin jiragen fasinja, inda jirage marasa matuƙi masu aiki da hasken rana za su iya daɗewa suna aikin sadarwa da sa ido. Zephyr na kamfanin Airbus ya yi kwana 64 a sama a 2022 kafin ya faɗo.